Yadda Muka Je Abuja Neman Abin Da Jikin Godiya Ba Ya So

Tun da muka dawo ban huta ba. A zumuntar mata sai an tare ni a ƙofar coci, a shagon ɗinkina kuma mace ta shigo kamar ta kawo yadi, ta nemi benci ta zauna, sai ka ji, "To Maman Godiya, yaya Abujan?" Na ba da labarin nan har ya fara yawo ba tare da ni ba, domin shekaranjiya na ji wata tana gaya wa wata wai jirgin sama muka hau. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru.

Godiya 'yata ce, shekararta uku da 'yan watanni. Wajen shekara guda ke nan tana fama da borin jini. Za ta ci abinci lafiya, kafin a wanke kwano jikinta ya tashi ruɗu-ruɗu, ta yi ta susa tana kuka. Ranar da ta ci soyayyen ƙwai ya tashi, aka hana ƙwai. Ranar kifi ya tashi, aka hana kifi. Pate ma, da ban taɓa jin ya cuci ɗan Adam ba, ya tashi. A hankali abincin yarinya ya koma dafaffiyar doya da manja, sai tuwon acca da miyar kuɓewa. Ta rame, wuya ya fito.

Wata Asabar da rana, a gidan biki, wani ya miƙa mata tsinken tsire. Leɓenta ya kumbura, muryarta ta shaƙe, numfashinta yana fita da ƙara kamar usur. Babanta Yohanna ya figi babur, ni ina baya riƙe da ita, ƙafata ba takalmi. A asibiti aka yi mata allura, Allah ya taimake mu ta dawo daidai. Likitan ya ce abin ya wuce canki-canka. Ya rubuta mana takarda zuwa wata likitar yara a Abuja da ke gwada abin da suke kira alaji, ya kuma ja kunnenmu da Turanci cewa a daina ba ta ruwan maganin ƙaiƙayi mako guda kafin mu je, domin yana ɓata gwajin.

Yohanna malamin makaranta ne, lokacin kuma jarrabawa ake yi. Ina cikin tunanin wa zai raka ni, sai mahaifiyarsa ta sanar cewa ita za ta. Ba tambaya ta yi ba. Mama ta fi shekara arba'in tana matse man gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli, kuma a gidanmu ba a taɓa sayen man suya ba. Ita ta riga ta gama nata binciken: jinin gidan iyayena ne yarinyar ta ɗauko, domin a danginsu babu mai susa. Wanda bai san Mama ba ya sani cewa a Hausarta kowa namiji ne, har ni, har Godiya, har kaza mai ƙwai.

Da sassafe muka isa tashar Kafanchan. Ni da jaka ɗaya da kula ta dafaffiyar doya. Mama da jarkar mai, da ledar ƙuli-ƙuli, da ƙullin acca, da zakara ja ɗaure a ƙafa.

Na ce, "Mama, zakaran fa?"

Ta ce, "Na likita ne. Za ka je wurin mutum hannu banza?"

Ta kama kujerar gaba saboda gwiwarta. Direba ya ce saura mutum ɗaya mota ta tashi. Muka zauna awa biyu muna jiran mutum ɗayan nan, kuma duk lokacin da fasinja na gaske ya shigo sai ɗaya daga cikin na zaune ya tuna yana da aiki a gida.

Wanda ya zauna kusa da ni wani mutum ne cikin kwat, rungume da akwati. Kafin mu kai Kwoi Mama ta juyo ta ba wa motar gaba ɗaya tarihin ciwon Godiya, har da batun jinin gidanmu. Mai kwat ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce wahala kawai za mu je mu sha. A cikin akwatin nan akwai kwamfuta daga waje. Mutum ya riƙe wani ƙarfe minti ɗaya, ta faɗi duk ciwon da ke jikinsa, da wanda ke hanya bai iso ba. Babu allura, babu jini. Gaskiya raina ya ɗan biya, domin uwar da ta ga ɗanta yana neman numfashi za ta saurari kowa.

A Kagarko aka tsaya cin abinci. Mama ta ce a fara gwada ta tukuna. Mai kwat ya buɗe akwati a kan bencin mai shayi, mutane suka taru, Mama ta damƙe ƙarfen kamar taɓarya. Ya duba allo ya daɗe, sannan ya karanta da ƙarfi cewa tana da ciwon nan da ke tare wa tsofaffin maza fitsari.

Mama ta ce, "Ni?"

Ya sake dubawa, ya ce a yi haƙuri, bai canza ba daga na mutumin jiya. Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Mama ta ajiye ƙarfen ta goge hannu a zani. Na miƙa mata Godiya na zagaya neman ban-ɗaki, wanda na samu a bayan wani shago kuma ba zan bayyana shi a rubuce ba. Da na dawo, yarinyar da ta yi ta rigima tun Kafanchan ta yi lamo a jikin kakarta. Muna tashi ta yi barci.

Daga nan zuwa Jere hanya ta girgiza mu yadda ta ga dama. A wani shinge mai kaki ya leƙo ya ga zakara a cinyar Mama, ya tambayi na wane ne. Ta ce na likita. Ya ce a gai da likita, ya ɗaga hannu muka wuce. Iyakar Kaduna da Abuja kuwa ba a allo na gan ta ba, mazaunaina ne suka gaya mini, domin haka kawai suka daina dukan kujera. Godiya dai barci take ta yi, ni kuma ina ta yi wa Ubangiji godiya da ya ba ni yarinya mai hankali a mota.

Masaukinmu wurin Keziya ne, ƙanwar Yohanna, wadda ke aikin ofis tana zaune ta wajen Kubwa. A ƙofar unguwarsu mai gadi ya ce sai ya buga mata waya ta yarda kafin mu shiga.

Mama ta ce, "Ni na haife shi. Da zai fito ya buga mini waya?"

Ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, da ban-ɗaki a ciki, da ɗan lungun girki taku uku tsakaninsu. Mama ta tsaya a tsakiya ta dubi wannan ƙofa, ta dubi waccan, ta tambayi Keziya ko albashin bai kai a raba masai da tukunya ba. A matakala ta gai da duk wanda ta gani, babu wanda ya amsa sai wata mata mai jan kare, karen kuma sanye da riga. A Kafanchan in ka wuce mutum ba gaisuwa, kafin yamma an aiko a ji ko rasuwa aka yi muku. A can Keziya ta shekara biyu ba ta san sunan mai ƙofar da ke kallon tata ba.

Washegari muka je asibitin. Mai gadi ya ce zakara ba ya shiga, aka ɗaure shi a gindin wata bishiya kusa da motocin manya. A wurin jira wata mata ta ji Hausarmu ta matso, ta ce, "Ku 'yan Kafanchan ne ko?" Hajiya Binta sunanta, iyayenta 'yan kasuwar Zango ne, aure ya kai ta Abuja. Ta ce ita a wani wuri aka ɗebi jinin ɗanta aka gwada shi da komai da komai, takarda ta fito da jerin abinci kamar na gidan biki. Ta hana shi duka, har burodin da yake ci kullum lafiya lau. Yanzu likitar nan ce ke mayar masa da su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ba jinin ne ya yi ƙarya ba, Maman Godiya. Mu ne muka tambaye shi abin da ba a aike mu ba."

Likitar yarinya ce ƙarama, da ƙyar ta girmi Keziya. Mama ta raɗa mini, raɗar da aka ji a waje, cewa a tambaya ko babban yana nan. Likitar ta yi murmushi, ta gai da ita da Hausa, ta ce, "Mama, sannu da hanya. Ni ce babban." Daga nan ta shiga tambaya. Ba ta taɓa yarinyar ba sai da muka yi kusan rabin awa. Me ta ci, minti nawa kafin ya tashi, dafaffe ne ko soyayye, me ke cikin paten, wane yaji ne a tsiren.

Sai ta ce, "Ƙwan da kifin, da wane mai ake soyawa?"

Mama ta gyara zama. "Da nawa. Ni nake matse shi da hannuna. Babu haɗi."

Likita ta rubuta wani abu. Ni kuwa a take na ga ƙwan, na ga kifin, na ga gyaɗar da ke cikin pate, na ga ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin tsire. Shekara guda ina zargin kowane abinci ban da wanda ke cikin kowane abinci.

Ta ce hanya biyu ce. Ko a ɗebi jini, allura ɗaya, mu koma gida, bayan kwanaki a turo sakamako a waya ta yi mana bayani. Ko kuma gwajin fata: a ɗiga ruwan abincin da ake zargi a bayan yarinya, a ɗan tsira wurin sama-sama, cikin minti goma sha biyar wanda jikinta ba ya so zai tashi muna kallo. Ta ce kowanne yana aiki idan an haɗa shi da labarin da muka bayar, kuma ko wanne muka zaɓa abu kaɗan za ta gwada, ba kasuwa gaba ɗaya ba. Na fata dai sai babu maganin ƙaiƙayi a jiki.

"Yaushe rabonta da shi?"

Na ce, da alfahari, "Yau kwana takwas."

Mama ta ce, "Jiya ne. A Kagarko. Cokali ɗaya na ba shi ya yi barci."

Ta buɗe jakarta ta fito da kwalbar a matsayin shaida, kamar mai jiran a yaba mata. Abin da ya zo bakina a lokacin, da na faɗe shi da yanzu dattawan coci suna zama a kanmu. Na haɗiye.

Likita ta ce to, yau na fata ba zai yiwu ba. Ko jini yanzu, shi magani ba ya hana shi, ko mu dawo bayan kwana biyar. A halin da ake ciki kada yarinya ta ci komai mai gyaɗa, har mai. Mama ta ce gyaɗa abinci ne, da shi ta yi renon 'ya'ya bakwai. Likita ta ce za mu gani.

Na fita waje na buga wa Yohanna. Ya ce, "Duk wanda kika zaɓa daidai ne," irin taimakon da maza ke bayarwa daga nesa. Na buga wa Keziya, ta ce, "Matarmu, jini mana, ya fi sauƙi," kuma na ji muryar mai son ɗakinta ya dawo hannunta. Ni ma jinin nake so. Ina da ɗinkin mutane a shago, kuma kwana biyar a ɗaki ɗaya da Mama ba ƙaramin gwaji ba ne shi ma. Amma na tsaya a gindin bishiyar nan, kusa da zakara, na yi tunanin ranar da sakamako zai shigo wayata a Kafanchan. Zan ce, Mama, takarda ta ce gyaɗa ce. Za ta ce takarda ba ta san Godiya ba, kamar yadda kwamfutar mai kwat ba ta san ta ba. Kuma Mama ce ke riƙe da yarinyar nan duk ranar da nake shago. Wata rana za ta ɗan gutsura mata ƙuli don ta nuna mini babu komai, ni kuma ina can ina taka keke.

Na koma na ce wa likita za mu jira na fata.

Kwana biyar ɗin nan sun yi tsawo. Keziya ta kulle jarkar mai da ƙuli-ƙulin a but ɗin motar wata ƙawarta. Zakara ya dawo tare da mu, aka ɗaure shi a baranda, da asuba ya yi aikinsa. A rana ta biyu aka liƙa takardar ƙorafi a ƙofa daga shugaban masu haya. A nan Keziya ta fara sanin sunayen maƙwabtanta. A rana ta uku muka ci shi da tuwon acca, aka kai wa mai karen cinya, ta aiko da kwano cike da wani ganye ɗanye da ba a dafa ba. Mama ta zuba shi a miya.

Ni da Mama ba mu yi wata magana ba sai ranar nan, muna fige zakaran. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Yana kuka, zafi ya dame shi, ya fara susa. Na ji tausayi. Babu wanda ya gaya mini an hana. Kai da mijinka da likita kuna Turanci a kaina kamar ni kujera ne."

Na ɗauka Yohanna ya gaya mata, shi kuma ya ɗauka na gaya mata. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri." Ta ce in riƙe ƙafar da kyau.

Ranar gwaji Keziya ta raka mu, aka kwantar da Godiya rub da ciki a cinyata. Nas ta ɗauki biro ta yi alamomi a bayanta, layi biyu. Likita ta kira Mama kusa, ta bi su da yatsa tana faɗa mata: wannan ƙwai, wannan kifi, wannan madara, wannan riɗi, wannan gyaɗa. Wannan ruwan gishiri ne, bai kamata ya tashi ba. Wannan na ƙarshe kuma zai tashi a jikin kowa, shi ne zai nuna maganin ya fita. Mama ta maimaita su duka ba kuskure. Aka ɗiga, aka tsira. Godiya ta ce cinnaka na cizonta, ta yi ɗan kuka, Keziya ta kunna mata wasan yara a waya ta manta da mu.

Na riƙe hannayenta don kada ta sosa. Mama ta sunkuya har numfashinta na taɓa bayan yarinyar. Na ƙarshen ya tashi kamar cizon sauro, ta ce, "To, wannan an faɗa." Ƙwai shiru. Kifi shiru. Sai na gyaɗa ya fara ja, ya ɗago, ya yi ta faɗi har ya fi wancan girma. Nas ta kawo ɗan ma'auni ta auna. Mama ta daɗe a sunkuye, sannan ta koma kujera ta zauna, ta ɗora hannayenta a cinya tana kallonsu.

Likita ta shafa wa Godiya magani, ta fara lissafa abin da za a kiyaye: gyaɗa kanta, da manta, da ƙuli-ƙuli, da yajin tsire.

Mama ta ce, a hankali, "Kunun gyaɗa. Dakuwa. Miyan taushe. Kwaɗon zogale. Kwaɗon rama. Kilishi. Ƙosai na bakin hanya, da mai na gyaɗa suke soya. Fanke ma." Ta ci gaba, likita ta bi ta da biro tana rubutawa, har ta juya takarda. Da ta gama likita ta ce, "Mama, rabin wannan ban sani ba." Mama ta ce, "Kai yaro ne."

Aka ce ƙwai da kifi a mayar mata da su ɗaya-ɗaya, dafaffu, da rana, ina kusa. Aka rubuta mana allurar gaggawa da ake dannawa a cinya idan numfashi ya sake shaƙewa, a danna sannan a ruga asibiti. Nas ta kawo irinta ta koyo, marar tsini, ta nuna mini. Mama ta karɓe ta, ta danna a cinyarta, ta danna a tawa, ta danna a ta Keziya, ta ce a sake nuna mata daga farko.

A hanyar dawowa ba ta nemi kujerar gaba ba. Ta zauna a baya riƙe da Godiya, duk mai tallar da ya miƙo hannu ta taga sai ya sha tambayoyi kamar a kotu. Jarkar mai ta bar wa Keziya.

Mun iso gida ranar Juma'a. Ranar Asabar na tashi na tarar ta kira mai baro. Turminta, da kaskon suya, da babbar tukunyar da aka yi aurenta da ita, da buhunan gyaɗa biyu, duk an ɗora. Ta kai su gidan ƙanwarta a tsallaken layin dogo. Ta dawo ta wanke madafa da toka sau uku, ta zagaya maƙwabta gida-gida riƙe da hannun Godiya tana gargaɗi, tana kuma bayyana musu cewa ita ce ta gano ciwon, likita ta tabbatar.

Yanzu Godiya na cin ƙwai da kifi, kumatu sun fara dawowa. Mama kuwa kowace Talata da Alhamis takan shirya da safe ta tafi tsallake ta yi sana'arta, ta yi wanka a can, ta canza zani kafin ta taka ƙofar gidanmu. Makon jiya Godiya ta bi ta har bakin ƙofa tana tambaya, "Kaka, ina za ki?"

Mama ta gyara ɗaurin kallabi, ta rataya jaka, ta ce, "Ofis."